Wa Ya Yanka wa "Kai" Rago?

Shekaranjiya da hantsi ina tsallaka titi a bakin tashar Birnin Kudu, sanda a hannu, sai wani matashi a kan babur ya daka mini tsawa: "Kai tsoho, matsa." Na kuwa matsa. Abin da ya dame ni ke nan, ba tsawar ba. Ƙafata ta ja da baya tun kafin hankalina ya gama jin abin da aka ce. Shi ya wuce da hayaƙinsa bai ko waiwayo ba, ni kuwa na tsaya a gefen kwalta ina jin kunyar mutumin da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Tun daga lokacin abinci ya ƙi shiga. Jikokina sun ce hawan jini ne, na bar su a haka, don in na ce musu kalma ɗaya ce ta hana ni cin tuwo za su ce tsufa ya fara taɓa kan Baba.

A wani ƙauye kusa da Zandam aka yanke mini cibiya. Mutanenmu Fulani ne da suka gaji da bin saniya daji-daji suka kafa gida, sanda a hannu ɗaya, fartanya a ɗaya, har Fulatanci ya koma na kakanni, mu muka tashi da Hausa. Abin da kunnena ya fi riƙewa na wancan zamani shi ne safiya: ƙarar madara tana faɗawa cikin ƙwarya, luguden mata daga wannan gida zuwa wancan kamar suna ba juna amsa, da muryar mahaifina a bakin garke yana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya. Kowace saniya da sunanta. In ya ce Wule, Wule ce za ta ɗago, Saye ko kunne ba za ta kaɗa ba. Amma mu mutanen gidan, rabin sunayenmu a ɓoye suke. Innata ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba saboda ɗan fari ne, sunan mijinta kuwa har ta koma ga Allah bai fito daga bakinta ba. Ɗalibi ba ya faɗin sunan malaminsa. Suruki kuma ba a ma zancensa, in ka hango shi a hanya ka cire takalmi tun daga nesa, ko ka ratse cikin gero ka bar masa hanyar. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, da shi muka sha nono. Yanzu sai ka ji yarinya ta kira sunan mijinta gatsal daga tsakar gida, shi kuma ya amsa yana washe baki. Ban ce laifi ba ne, na dai ce kunnena bai saba ba.

Akwai wata kalmar kuma da muka tashi da ita, ita ce "kai". Ba wadda aboki ke ce wa abokinsa a wurin hira ba, wadda ake jefowa daga kan doki nake nufi. In manya suka fito rangadi, ko aka tashi gyaran hanya bayan damina, dogari zai tsaya a bakin ƙauye ya miƙa bulala: kai zo nan, kai ɗauki wancan, kai ina ka baro kunnenka. Na taɓa ganin an ce wa mahaifina haka, yana da furfura a gemu, aka ɗora masa akwatin ƙarfe ya kai gari na gaba a ƙasa. Da ya dawo sai ya wanke ƙafa ya nufi garke, na ji yana kiran shanunsa da sunayensu a hankali. Mu a lokacin ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Kamar zafin rana muka ɗauke shi, wanda ba a kai ƙararsa wurin kowa.

Ina da ƙarfina, na fara tara gemu, lokacin da Malam ya dawo Gwaram. Ɗan gidan malamai ne, ya tafi Makka a ƙasa tun yana saurayi, ya yi shekaru a ƙasashen gabas yana karatun mantiƙi, wato ilmin auna magana, da littattafan masu zurfin tunani na zamanin da. Ya dawo da tsohon keke da buhun littattafai da wata ɗabi'a da ta hana mutane sakat: ba ya ba da amsa, tambaya yake yi. 'Yan boko na yanzu masanin falsafa suke ce masa, an ce har a jami'a ana ambaton laƙabinsa. Mu dai zancen Malam muka sani. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buzu a gindin wata tsamiya, mutane su kewaye shi, har ɗaliban babbar makarantar Birnin Kudu sukan zo a kekuna su zauna a ƙasa tare da masu tallan gishiri. Wata rana ya tambaya, me ya raba mutum da saniya? Wani ya ce hankali, wani ya ce salla, wani ya ce sutura. Ni da na zo sayar da ɗan maraƙi na tsaya a baya, bakina ya suɓuce na ce, "A garinmu dai saniya ake kira da suna, mutum kuwa kai ake ce masa." Malam ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce a matsa mini wuri kusa da shi. Daga ranar ban ƙara fashin tsamiya ba. Bayan damina biyu ya ba ni auren 'yarsa, ita ma ba ta ƙi ba, ta dai ce a gaya mini in rage warin shanu. Ka ga ke nan ya zama malamina, ya kuma zama surukina.

Ra'ayinsa ba mai wuyar ganewa ba ne, wuyar ɗauka gare shi. Yakan ce rai Allah ne ya ba ka, hankali ma haka, amma suna jama'a ce ta ba ka. Ran da ka kwana bakwai a duniya aka tara mutane, aka raba goro, aka zubar da jinin rago, don kowa ya shaida cewa wani mutum ya zo wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Wanda ya ƙi kiran ka da wannan suna, ya ƙaryata shaidar gari guda. Sai ya dubi mutane ya ce, "To ku gaya mini, wa ya yanka wa 'kai' rago?" Da aka fara shelar cewa Turawa za su tafi, mulkin kai ya zo, aka yi ta kiɗa ana raba tuta, shi kuwa ya hau kan turmi a kasuwar Gwaram ya ce, "Jama'a, an ce mulkin kai ya zo. Ai ni ban san ya taɓa tafiya ba. Kai tashi, kai zauna, kai kawo. In wannan ne mulkin kai, a cikinsa aka haifi kakana." Kasuwa ta ɗauki dariya, irin dariyar da mutum ke yi yana waige. Kafin wata ya zagayo maganar ta kai Kano, ta kai Azare, direbobin manyan motoci suna maimaita ta a tashoshi.

Ya shiga jam'iyyar da talakawa suka fi so a lokacin, ko da yake su ma bai bar su sun huta ba, don in ya ji shugabansu ya ce wa mai ɗaukar masa jaka "kai", a gaban taro zai tsayar da shi. Abin da ya koya wa mutane ƙarami ne. In an ce maka kai, kada ka yi zagi, kada ka gudu, kada ka ɗaga hannu. Ka tsaya inda kake ka ce, "Ina da suna." Shi ke nan. Daga nan laƙabinsa ya fito, Malam Ina-da-suna. Muka yi ta yawo ƙauye-ƙauye, shi a kan keke, ni ina tura shi in an zo yashi. Na ga abin da idona a wajen Yalwan Damai: dogari ya zo ɗibar masu aikin hanya, ya yi ta kai-kai har muryarsa ta dushe, maza suna zaune a inuwa suna saƙar zana, ba wanda ya ɗago. Ƙarshe sai da ya je ya tambayi mai unguwa sunayensu, ya dawo yana kira ɗaya-ɗaya, kowa yana tashi yana kaɗe riga. Aikin dai sun je sun yi, ba a rage musu ko taki ɗaya ba. Amma na ga yadda suke tafiya a ranar, ban taɓa ganin talaka yana tafiya haka ba.

Ba a daɗe ba aka kama shi, aka ce yana koya wa talakawa raina na gaba. Aka kawo shi gaban alƙali a Birnin Kudu ranar wata Litinin da safe. Mutanenmu sun cika waje, 'yan doka suka tare ƙofa, aka ce mutum ɗaya kawai zai shiga tare da shi, Malam ya nuna ni. A ciki alƙali na zaune a kan shimfiɗa, dattijo ne mai sanyin hali wanda suka yi karatu tare a zauren mahaifin Malam suna yara. Kusa da shi ga wakilin hakimi, wanda aka turo don ya ga an yi abin da ake so. Malam na tsaye daga bakin ƙofa. Ɗan doka ya ce, "Kai, matso gaban alƙali." Malam bai motsa ba. Ɗan dokan ya sake faɗa, ya kuma faɗa na uku.

Alƙali ya ce, "Ba ka ji ana magana ba?"

Malam ya ce, "Allah ya gafarta malam, na ji ana magana. Ban dai ji an kira ni ba."

Wakilin hakimi ya ce, "Kada kowa ya kira shi. Kotu ba za ta bi dokar da ya kafa a gindin tsamiya ba."

Alƙali ya sunkuya yana jan carbi. Ana ganin fuskarsa an san ba ya son ɗaure abokin karatunsa, ƙofa yake nema. Can ya ɗago ya ce, "To. Kotu ta kira, ba za ta sake ba. Amma ga mutuminka nan da ka shigo da shi. In shi ya kira ka da sunanka ka matso, na karɓa cewa ka amsa kira, in ja maka kunne ka koma gida. In ba ka matso ba, raina kotu ne, ka kuwa san hukuncinsa." Sai ya dube ni, har da ɗan murmushi, kamar mai cewa ga shi na sauƙaƙa muku. Bawan Allah bai san Malam surukina ne ba. Da ya sani da ya nemi wata ƙofar.

Na san sunan. Na gan shi a rubuce a bangon littattafansa, na ji shi ranar ɗaurin aurena. Yana nan a kan harshena, ina jin nauyinsa. Na buɗe baki, sai na ji kamar an ce in tuɓe riga da wando a tsakiyar kasuwa. Na ga fuskar innata, na ga matata tana daka a tsakar gida, na ga kaina ina cire takalmi a hanya. Na ce wa zuciyata numfashi ɗaya ne, faɗi ka huta. Harshe ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Malam, ka matso."

Wakilin hakimi ya yi dariya ya ce, "Malam ba suna ba ne. Malamai nawa ne a ɗakin nan? Wa ya yanka wa 'malam' rago?"

Na dubi Malam ina roƙonsa da ido ya taka ko taki ɗaya ne. Shi kuwa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna magana, ya karkata kai yana nazari, sa'an nan ya ce, "Gaskiyarsa." Alƙali ya ba ni lokaci har sau biyu, yana cewa, "Yaro, faɗi mana." Ina tsaye kamar an dasa ni, hawaye na zuba, bakina a buɗe. Aka yanke masa wata tara da aikin fasa dutse. Da za a fita da shi ya bi ta gabana ya ce a hankali, "Ka kai keken gida, kada a bar shi a rana."

Matata ta yi kwana uku ba ta ce mini uffan ba, tana kawo abinci tana ɗauke kwano. Ran na huɗu tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ta ce, "Da ka faɗa, da har abada ina jin kunyar haɗa ido da kai. Yanzu da ba ka faɗa ba, ban san me zan yi da kai ba." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu. A waje kuwa labarin ya zama abin dariya. In talaka ya ce wa dogari "ina da suna", sai dogari ya ce, "Faɗi na malaminku tukuna." Mutum ya yi tsuru-tsuru, don shi ma ba zai iya ba. Kafin Malam ya fito, mutane sun koma amsa kai kamar ba a taɓa yin komai ba. Ba bulala ce ta kashe abin ba, ni na kashe shi, da ladabin da aka yi ta yabona a kansa tun ina yaro.

Ya fito da tari wanda bai sake shi ba. Ba a jima ba soja suka karɓi mulki aka rufe jam'iyyu, tsamiya ta koma wurin masu gyaran keke. Sa'an nan kuɗin mai suka zo. Aka shimfiɗa kwalta, rediyo ya shiga kowane zaure, kwano ya hau kan ɗakunan da muka sani da ciyawa. Ban ce ba a ji daɗi ba, ni ma a lokacin na fara sa takalmin kanti. Amma sai kowa ya bar neman sunansa ya koma neman abin da za a ɗora a gaban sunan: wannan Alhaji, wancan Ciyaman, wancan Manaja. Abokan tafiyarmu da muka tura keke tare a yashi suka samu kwangila, na ga ɗayansu ya sauke gilashin mota yana ce wa mai tura kura, "Kai, kauce." Ni ma da aka sa ni tsaron layi wurin rabon takin zamani, na ji kalmar ta fito daga bakina sumul, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Wannan harshen da ya kasa ɗaga suna ɗaya a gaban alƙali, bai sha wahalar cewa kai ba.

Ciwonsa na ƙarshe, na je gaishe shi wata rana bayan la'asar. Yana kwance a zaure, ya rame har buzun ya fi shi faɗi. Na durƙusa daga nesa yadda na saba, na ce ya yafe mini abin da ya faru a kotu, karo na farko ke nan da na iya tayar da zancen. Ya ce, "Ni ya kamata in nemi gafara. Gefe ɗaya na auna maganata. Na ga masu ƙwace wa mutum suna don raini, ban duba masu ɓoye masa shi don ƙauna ba. Ga shi ranar nan duka biyun gida ɗaya suka kai ni." Ya yi tari mai tsawo, na miƙa masa ruwa. Sai ya ce, "Ka san wani abu? Rabona da jin sunana a bakin mai ƙaunata tun kakata tana da rai. Kowa Malam, kowa Baba. Ba kowa a nan, daga ni sai kai. Ko za ka faɗa sau ɗaya, in ji ko yana nan yadda na bar shi?"

Na sunkuyar da kai. Na ji kaji suna tono a bakin ƙofa, na ji wata mota ta wuce a sabuwar kwalta. Na buɗe baki, na ce, "Allah ya ba Malam lafiya."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Amin. Innarka ta iya tarbiyya." Bayan kwana tara aka kai shi.

Shi ya sa da matashin nan ya ce mini kai na kuma matsa, na kasa zama. Jiya da safe na ce wa jikokina zan je dubiya, na hau ƙaramar bas zuwa Gwaram. Tsamiyar babu ita, an yi shagon cajin waya a wurin, na tambayi mai shagon ko ya taɓa jin labarin wani malami da ke zama a nan, ya ce shi baƙo ne. Na taka zuwa maƙabarta a hankali, ina hutawa a hanya. Kabarin ya shafe, da wata tsohuwar aduwa na gane wurin, don ni na riƙe kan makara ranar da aka kawo shi. Na yi masa addu'a. Na duba gabas da yamma, ba kowa sai wata akuya tana cin ƙaya. Na cire takalmi, na jingina da sandata, na kira shi.

Ashe gajeren suna ne, bai kai numfashi ɗaya ba. Ƙasa ba ta tsage ba, harshena bai faɗi ba. Na sake kira, na kira na uku, yadda ɗan doka ya yi a kotu, na ce ya matso, alƙali ya ce a ja masa kunne kawai ya koma gida. Na tsaya ina jira har inuwar aduwar ta bar kaina. Bai matso ba.